Waƙar Yaya Mutari a Jirgin Lyon

Masana sun daɗe suna gardama a kan abin da ke bayyana asalin mutum. Wasu sun ce harshensa, wasu sun ce abokan zamansa. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina karantar da 'ya'yan mutane Faransanci a lise, wato makarantar sakandare, ta Damagaram har na ajiye alli, ina shaida wa duniya cewa dukansu sun yi kuskure. Babu abin da ke tona asirin ɗan Adam a wannan zamani kamar kukan salularsa. Mutum na iya gyara zaman hularsa, ya tauna magana kafin ya furta, amma ba shi da iko da lokacin da aljihunsa zai yi magana a madadinsa.

Tun da na dawo daga Faransa 'yan fadarmu ta shayi suka hana ni sakat, suna kirana Mushe kamar yadda ake kiran malaman boko a ƙasarmu. Mushe yaya Paris, Mushe ka hau dogon ƙarfen nan, Mushe da gaske ne suna cin kwaɗi. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure tsakanin kofin farko da na biyu, shi ya sa na zauna na rubuta. Mai neman labarin gine-gine ya nemi wani matafiyin. Ni tsoro na je na kwaso, shi ne kuma tsarabata.

Dole in fara da waƙar, don in babu ita labarin ba shi da kai. Yayana Mutari, Allah ya jiƙansa, yana cikin samarin da aka tura Rasha karatu tun ƙasar tana amsa tsohon sunanta. Ya karanto aikin ruwa da noman rani, ya dawo da takardar shaida, da hular gashi wadda ba ta da rana a garinmu, da kaset guda. A kaset ɗin akwai wata waƙa ta jita da ganguna, wani namiji mai shaƙaƙƙiyar murya yana rera ta kamar maƙogwaronsa zai tsage. Ko kalma ɗaya ba mu ji. Amma mu da muka tashi da kiɗan 'yan kokowa da kirarin mafarauta ba sai an fassara mana ba: ganga mai nauyi, murya mai kaushi, ai wannan waƙar maza ce, ta fagen fama. Muka raɗa mata Waƙar Yaya. Da ita aka yi bikin aurensa, da sunan 'ya'yansa, da ranar da ɗan unguwarmu ya kai wani ƙato ƙasa a filin kokowa. Duk sa'ad da aka sa ta, Yaya sai ya sunkuyar da kai ya fice zaure. Muka ce kunya ce, ai wanda ake wa kirari ba ya tsayawa yana washe baki.

Ni dalilin ƙaunata gare ta daban ne. A ɗakin kwanan ɗalibai aka naɗe ta, rediyo biyu an haɗa su baki da baki, kuma kafin kiɗan ya tashi ana jin hayaniya, sai muryar Yaya yana saurayi, da Hausa tsantsa: "Kai, ku yi mana shiru mana." Bayan rasuwarsa na kai kaset ɗin wajen Sani Mai Lasifika, wanda ke ba da hayar kayan sauti a biki da taro, ya juye mini shi a salula kafin zaren ya ƙarasa tsinkewa. Na mai da shi kukan wayata. Duk wanda ya kira ni, Yaya ne ke fara tsawatarwa.

Ashe Sani ya ajiye wa kansa. Da zamani ya juya, tsakaninmu da Faransa ya yi tsami, matasa suka fara fitowa da tutocin Rasha, sai ya duba kayansa ya ga shi kaɗai ne a garin ke da waƙar sojan Rasha ta asali. Da ita yake buɗe kowane gangami. Har akwai wani bidiyo da ya zaga wayoyi, ana kiɗan, ana kaɗa tuta, ga ni nan a gefe riƙe da ledar tumatir ina jiran a ba ni hanya in wuce gida. A hoto kuwa ba a bambanta mai jiran hanya da mai goyon baya.

Ana cikin haka 'yata Balkisa, wadda ke karatun digiri na uku a fannin haɗa magunguna a Lyon, ta aiko cewa lokacin kare kundinta ya zo, tana so in halarta. Takardar zamanta kuma ta kusa ƙarewa, ta nemi sabuntawa, ana kan dubawa. Mahaifiyarta ta raka ni har tasha da magana ɗaya tak, in je in dawo kada in ja wa yarinyar nan abin da zai sa a koro ta. Ta ce in goge waƙar. Na ce zan duba. Duk mai iyali ya san ma'anar zan duba.

Biza kanta sai da na ƙetara wata ƙasa maƙwabciya na nemo, amma wannan wahala ce ta kowa. A motar Yamai na zauna kusa da wani dillalin albasa wanda bai taɓa fita ƙasar nan ba, saboda haka babu abin da bai sani ba game da Faransa. Tun kafin mu kai Maraɗi ya tabbatar mini cewa a filin jirgin Paris akwai na'urar da ake ɗora waya a kai, ta karanto duk abin da ke ciki har da wanda mutum ya yi niyyar sawa bai sa ba. Na karanta littattafai da dama, na san maganar ba ta da tushe. Nan take kuma na yarda da ita.

Jirgi ya bi da mu ta Maroko. Kafin mu sauka Paris na kashe wayar, na cusa ta a safa, na tura safar ƙasan jaka. A layin shige da fice na tsara amsoshina cikin Faransancin da ko marubutan da na karantar ba za su sami abin gyarawa ba. Jami'ar da na iske ba ta wuce sa'ar ɗalibaina ba. Ta tambayi abin da ya kawo ni, na buɗe baki zan fara gabatarwa, ta buga hatimi ta kira na baya. 'Yan duwan, wato kwastan, su ne suka tsayar da ni. Suka ce in buɗe jaka, na buɗe. Ɗayansu ya ɗaga safar da yatsa biyu ya ajiye gefe, ya zaro ƙunshin kilishin da aka yo wa Balkisa, ya ce nama ba ya shiga. Ban taɓa jin Badamagaren da aka ƙwace wa kilishi yana godiya ba sai ni, har da ɗan rusunawa.

Masaukina gidan Alhaji Mamman ne, ɗan Maraɗi, ɗan'uwan mahaifiyar Balkisa, wanda ke saro kayan abinci a babbar kasuwar Rungis yana raba wa shagunan 'yan Afirka. A Bobigny yake, a gefen Paris, can saman wani dogon bene da na'urar hawansa ke hutu. A matakala na fara karatun halin mutanen. Na yi wa wani dattijo sallama, na tambayi gajiya da iyali, ya dube ni kamar zan sayar masa da wani abu. Wata mata ta wuce mu ba ta ce uffan ba, amma ta tsaya ta gaida karen dattijon, har ta tambaye shi lafiya. Alhaji ya ce in rage gaisuwa, a nan ko ina kwana a tsaye ake yinta. Ta tagar falonsa ya nuna mini ofishin da baƙi ke neman takardar zama, da layin mutane cikin sanyi tun daga ƙofa har kwana. Ya ce duk wanda na gani a wurin yana da dalilin da ya sa ba ya ɗaga murya.

Muna cin tuwon da Hajiyarsa ta tuƙa da garin semolina, wanda ya yi ƙoƙari amma bai kai ba, sai mahaifiyar Balkisa ta kira ta ji saukata. Yaya ya tsawatar, ganga ta tashi. Alhaji ya tsaya da loma a hannu.

"Mushe, mene ne wannan?"

Na ce waƙar marigayi ce, ta Rasha.

"Ka san su wa ke ƙasanmu? Mutanen Ukraine ne, yaƙi ya koro su, matar ta rasa ɗa. Bangon nan kuwa ko tari ka yi sai sun ce maka sannu. Ka rufa mana asiri, ka rufa wa yarinyar nan."

Daga nan ya jero mini labarai: wani da aka hana takarda saboda abin da ya sa a waya, wani da aka kira aka yi wa tambayoyi. Kowanne daga bakin wanda ya ji daga bakin wani, amma tsoro ba ya tambayar isnadi. Na ba shi labarin bidiyon tumatir, ya ajiye lomar gaba ɗaya. Na kashe sautin wayar, na ce masa zan duba.

Haka na zaga Paris da hannu a aljihu. Titunan da na shekara da shekaru ina bayyana wa yara a allo, ga su a gabana, ni kuwa sojojin da ke sintiri a tashoshi da manyan bindigogi nake ƙirgawa da ido. A bakin kogi wani mai sayar da tsofaffin littattafai ya tambaye ni ƙasata. Na ce Afirka. Ya ce ya ji labarinta.

Ranar tafiya Lyon, a tashar jirgin ƙasa, na buɗe sautin wayar don kada Balkisa ta kira ta faɗi inda za mu haɗu in rasa. Na shiga jirgi na manta. Wanda bai shiga jirginsu ba ba zai gane irin shirun ba. A motarmu kafin a kai Birnin Ƙonni kowa ya san ciwon kowa da sunan surukarsa. A can kuwa kamar ɗakin jarrabawa, kowa da littafinsa, mai cin burodi ma a ɓoye yake taunawa. Cikin wannan shirun Yaya Mutari ya buɗe baki ya ce a yi masa shiru.

Wayar tana aljihun 'yar ciki, 'yar ciki tana ƙarƙashin babbar riga, babbar riga tana ƙarƙashin kwat ɗin da Alhaji ya ara mini. Kafin in haƙo ta ganga ta shiga, jita ta shiga, mai shaƙaƙƙiyar murya ya ci rabin baiti. Kowa ya ɗago ya mai da kai, sai mutum ɗaya. Wata tsohuwa ce a kujerar da ke fuskantar tawa, gashinta fari an yanke shi gajere. Littafinta ya zame ƙasa ba ta bi shi ba. Ta kafe ni da ido, ta faɗi wata magana da harshen da ba Faransanci ba.

Na ce a gafarce ni, na miƙe, na shige ban ɗaki na kulle. Jirgi yana rangaji, ni ina rangaji. A zuci na ga matar da ta rasa ɗa, na ga tana kiran jami'in jirgi, na ga an ɗora wayata a na'urar dillalin albasa, na ga kaina da ledar tumatir a babban allo, na ga Balkisa da akwatunanta a filin jirgin Yamai da kundin da ba a kare ba, mahaifiyarta kuma ba ta ce mini komai ba, wanda ya fi duka. Na nemo waƙar zan goge ta. Wayar ma ta fi ni kara, sai da ta tambaye ni ko na tabbata. Na danna. Sauran tafiyar a tsaye na yi ta tsakanin tarago biyu.

A Lyon ni na fara sauka. Ina sauri ina jin ƙarar tayoyin akwati a bayana, in na ƙara sauri su ƙara. Na hango Balkisa da mayafinta tana ɗaga hannu. 'Yar da na yi shekaru ban gani ba, ko gaisuwarta ban bari ta ƙarasa ba, na ce mu tafi, mu tafi. Muka shiga jirgin cikin gari da suke kira taram, wanda ke zuwa Bron inda jami'arsu take. Ƙofa na shirin rufewa tsohuwar ta sako akwatinta, ta shigo tana haki, ta zo ta tsaya a gabanmu. Da Faransanci mai nauyin baƙon harshe ta ce don Allah a ina na sami abin nan.

Na fara kare kaina. Na ce ni tsohon malami ne, ba ruwana da siyasa, 'yata ba ta san komai ba, tumatir na je saye. Balkisa ta dafa hannuna.

"Baba, bari ta yi magana mana. Kuka take yi."

Ban lura ba. Mai tsoro ba ya ganin fuska, tufafi kawai yake gani.

A wani ɗan kafe, wato shagon shan shayi da kofi, kusa da tashar Bron muka zauna. Sunanta Madam Galina, Barashiya ce, malamar kiɗa, ta baro ƙasarta bayan an fara wannan yaƙin na Ukraine, tana koya wa 'ya'yan mutane piyano a Lyon. Ta tambaye ni ko na san abin da waƙar ke cewa. Na ce waƙar soja ce, ta ƙarfafa gwiwar mayaƙa. Ta dube ni, ta dubi Balkisa, kamar tana neman wanda zai ce wasa nake yi.

Ta ce an yi waƙar ne tana budurwa, lokacin da ƙasarsu ke yaƙi a duwatsun Afganistan. Ana dawo da samari cikin akwatunan ƙarfe a liƙe, ba a bari iyaye su buɗe, ba a so a faɗi inda suka mutu, jaridu kuwa ba su san da wani yaƙi ba. Wani saurayi mai jita ya rera abin da kowa ya sani ba mai iya faɗa. Babu kirari a cikinta ko ɗaya, roƙo ne daga farko har ƙarshe, a daina. Gidan rediyo bai taɓa sa ta ba a wancan lokacin. Daga kaset zuwa kaset ta yaɗu, rediyo biyu baki da baki, a ɗakunan girki da ɗakunan ɗalibai, taga a rufe. Wanta yana cikin waɗanda aka dawo da su a akwati, kuma a ɗakin girkinsu, bayan jana'iza, abokansa suka fara sa mata ita. Ta ce duk yaƙin da ƙasar ta sake shiga waƙar sai ta farka, jikokin waɗanda suka fara jinta su ke rera ta yanzu. A can, wanda ya tsaya a titi ya rera ta a yau yana iya kwana a hannun 'yan sanda. A nan Lyon kuwa, in 'yan gudun hijira suka taru a dandali da kyandir, Rashawa da mutanen Ukraine, da ita suke rufewa.

Na tuna bikin auren Yaya, da mata suna guɗa a kan wannan baitin, da shi yana ficewa zaure kai a ƙasa. Akwai wani abokin ɗakinsa da yakan ambata, wanda aka ɗauka aikin soja ana tsakar karatu. Ba mu taɓa tambayar ƙarshen labarin ba.

Ta tambayi wane ne mai magana a farko, me kuma yake cewa. Na fassara mata. Ta yi dariya hawaye na zuba, ta ce kowane tsohon kaset na wannan waƙa da akwai mai cewa a yi shiru, don maƙwabta suna da kunne. Ashe Yaya ma da nasa tsoron ya naɗe ta. Sai ta haɗa hannuwa ta ce tana da roƙo ɗaya. Waƙar tana ko'ina a intanet, an wanke ta tas, amma wannan shuuu ɗin na tsohon kaset, da hayaniyar ɗaki, rabonta da shi tun tana gida. In sa mata ita sau ɗaya.

Na ce na goge.

Ta ce yaushe.

"Ɗazu, a jirgi. Saboda ke."

Balkisa ta dube ni, don ta san muryar wa ke ciki. Madam Galina ta daɗe tana juya cokali a kofin da babu sauran komai.

"Ni ma na goge tawa," in ji ta. "A ban ɗakin filin jirgi, ranar da zan fito."

Balkisa ta kare kundinta lafiya. Ban fahimci komai ba bayan gaisuwar farko, amma na ga manyan malamai sun miƙe tsaye, kuma wannan ko a Damagaram ma'anarsa ɗaya. Al'adarsu ce ɗalibi ya ciyar da waɗanda suka gama gasa shi, aka jera cukunsu iri-iri, wani har da kore-kore a jiki, wanda a gidanmu da an zubar an kuma yi wa mai ajiyar faɗa. Madam Galina ta zo da wani burodi mai kabeji a ciki, ta rungume Balkisa kamar ita ta goya ta. Da yamma Balkisa ta nemo mini waƙar a intanet. Ita ce, ba shakka. Ta fara kai tsaye daga ganga, ba wanda ya tsawatar wa kowa. Takardar zaman Balkisa ta fito bayan na dawo. Tun daga saukata Faransa har tashina babu mahalukin da ya nemi ganin wayata.

Washegarin isowata gida, kafin in gama karɓar 'yan sannu da zuwa, na tafi shagon Sani Mai Lasifika. Ya juye mini ita ba musu, na tura wa Balkisa ta kai wa Madam Galina. Ban mai da ita kukan waya ba tukuna, ina dubawa. Sannan na zaunar da Sani na yi masa darasi cikakke, irin wanda na daɗe ban yi ba: asalin waƙar, akwatunan ƙarfe, ɗakin girki, kyandir a dandalin Lyon, da abin da zai sami wanda ya rera ta a ƙasar da yake kaɗa wa tuta. Ya saurara a durƙushe, don shi ma ɗalibina ne a da. Ya girgiza kai, ya yi salati, ya ce lalle ilimi kogi ne, Allah ya ƙara wa Mushe lafiya.

Asabar ɗin da ta wuce an yi wani gangamin a filin gari. Da ita aka buɗe taro.